Yaye Biyu a Rana Ɗaya

A wajenmu ba a jan yaye. In ranar da aka sa ta zo, a karɓo rubutu wajen malam a ba yaro ya sha, uwa ta shafa garahuni a nono, in ya kama ya ji ɗaci ya saki, sai a saɓa shi a kai shi gidan kakarsa. Ya yi kukansa a can, uwa ta yi nata a nan cikin ɗaki inda ba mai gani. Haka aka yaye ni, haka aka yaye maigidana, haka kuma na yaye 'yata ta fari da damina, lokacin da gero ya fara fitar da kai. Abin da ba wanda ya sani a gidan shi ne, a safiyar nan ba ita kaɗai na yaye ba.

Sai na koma baya kaɗan. Bayan na gama wankan jego a gidanmu na dawo ɗakina, wani tsoro ya shige ni wanda ban san daga inda ya fito ba. Ina zaune lafiya sai gabana ya yanke ya faɗi. In yarinyar tana barci sai in riƙa kai yatsa bakin hancinta in ji ko tana numfashi, in koma in zauna, in sake tashi. Tuwo ya daina shiga. Na rame har wuyana ya fito. Kuma ba halin in faɗa, don 'yar fari ce, a wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce tsoron rasa shi ne ya hana ta cin abinci.

Maigidan ne ya gani. Shi mutum ne mai shiru, amma idonsa a buɗe yake. Ya ɗauke ni a mashin ya kai ni wani asibiti wajen Bacirawa. Likita ya daɗe yana yi mini tambayoyi, daga ƙarshe ya ce ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama mata da yawa bayan haihuwa. Ya rubuta mini wani magani fari ɗan ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba, in sha kullum da safe bayan kunu. Ya ce ba zai hana ni shayarwa ba. Ya kuma ce kada in daina sai na dawo mun yi shawara. Na ji wannan maganar da kunnena, amma na ɗauke ta irin maganar da asibiti ke yi wa kowa, kamar su a riƙa kwana cikin gidan sauro.

Maganin ya yi mini rana, Alhamdulillahi. Ba nan da nan ba. A hankali na ga ina cinye tuwona, ina barci, har wata rana na ji kaina ina waƙar daka. Na fi shekara ina sha. Duk sanda ya kusa ƙarewa maigidan zai ajiye fartanya mu je mu karɓo.

To da aka sa ranar yaye sai na yi lissafina ni kaɗai. Na ce ciwon nan da goyo ya zo, in goyo ya ƙare shi ma ya ƙare. Ga shi na warke. Wa ke shan maganin zazzaɓi bayan zazzaɓi ya sauka? Kuma akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun wani suna da muka je, inda mata ke zancen samarin da ƙwaya ta lalata, wata ta ce ai duk abin da mutum ke haɗiya kullum ya zama ubangidansa. Ba da ni take ba, ba ta ma san ina sha ba, amma na dawo gida da maganar. Don haka da mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ta zo ta goya yarinyar ta kama hanyar ƙauyenmu da ke bayan Dawakin Tofa, na shiga ɗaki na ƙulle sauran maganin a leda na tura shi ƙasan kwalla. A ganina na yi abin kirki. Yaye dai rana ɗaya ake yin sa.

Kwanakin farko ban ji komai ba sai nono da ya cika ya yi tauri, da shirun da ɗakin ya yi. Daga nan abin ya fara. Na tashi da safe ƙasa tana juyawa. Ƙamshin daddawa da nake so ya koma tayar mini da zuciya. Jikina ya riƙa ciwo kamar mura za ta kama ni, amma murar ba ta zo ba. Mafarkai kuwa, ba na so in tuna su. Sannan ga wanda ya fi ba ni tsoro: in na juya ido da sauri sai wani abu ya ce zuut a cikin kaina, kamar ranar da na taɓa wayar caja da jiƙaƙƙen hannu. Ba ya daɗewa, amma in ya wuce sai ya bar ni riƙe da bango. Kuka kuma ya zama ba ya neman dalili. Kaza ta zubar mini da tsaki na zauna na yi ta hawaye.

Kowa a gidan yana da fassararsa. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ta ce nono ne ya hau mini kai, ita ma ta yi irinsa a yayenta na biyu. Ta ɗaure mini ƙirji da zane tamau, ta gasa mini da ruwan ɗumi, ta dama mini kunun kanwa. Faccalata kuma, matar yayan maigidan, da ta ga ina amai a bayan rumbu sai ta tafa hannu tana dariya, wai ashe shi ya sa aka yi saurin korar baiwar Allah daga nono, akwai mai jiran gado. Na rantse mata ba haka ba ne, ta ce ai duk mai rantsuwa irin wannan wata tara take ƙaryata kanta. Ni ma na so in yarda da maganar Inna. Sai dai nonon ya bushe, zanen ƙirji ya kwance, jirin yana nan.

Ban taɓa kawo maganin a raina ba. Ina ganin abin da ba ka sha ba ta yaya zai cuce ka? Abin da na ɗauka shi ne tsohon ciwon ne ya dawo da ƙarfinsa, ko kuma wani abu ne daban wanda ba a faɗar sunansa.

Wata safiya ina jan ruwa a rijiyar tsakar gida, guga ya kusa fitowa, sai akuya ta nufi dawar da aka shanya. Na juya in kore ta. Abin ya ce zuut, idona ya rufe, na ji ni zaune a ƙasa gefen rijiya, guga da igiya sun tafi ciki. Ban ji ciwo ba. Amma an gani, kuma a wajenmu gida na jikin gida, gona na jikin gona, magana ba ta bukatar mota. Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya kai wa Iya cewa na faɗi a bakin rijiya.

Maigidan ya je gaishe su ya dawo da saƙo. Ya faɗa mini yana wanke ƙafa, kamar mai ba da labari mai daɗi. Wai yarinyar ta saba, tana cin tuwo da hannunta, tana bin Iya har wajen tumaki. Iya ta ce a bar mata ita kawai. Dama 'yar fari ta kaka ce, ga shi kuma uwar ba lafiya, ba za ta bayar da jika a goya ta a bakin rijiya ba.

Na ce to.

Me zan ce? Gaskiya ta faɗa, kuma al'ada tana bayanta. Ni kaina yayata ta fari a hannun kakarmu ta tashi har aka yi mata aure, tana kiran Iya da suna kamar wata yayarta. In na ce a dawo mini da 'yata, za a ce yarinyar nan ba ta da kunya. In na yi shiru, ta tafi ke nan. Na shiga ɗaki na ɗauko majanyin da nake ɗaure ta da shi, na ninke, na warware, na sake ninkewa. Har lokacin yana ƙamshin man da nake shafa mata.

Abin da ya tone ni ba wani abu ba ne, lokacin karɓo magani ne ya yi. Maigidan ya ce in shirya gobe mu je, don a lissafinsa ya kusa ƙarewa. Na ce ai da saura. Ya ce saura nawa? Na ɗauko ledar daga ƙasan kwalla na miƙa masa. Ya juya ta a hannunsa, ya dube ni, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar yaye. Bai yi faɗa ba. Ya ce gobe dai za mu je. Inna tana jin mu daga bakin murhu, ta ce da ita za a tafi, ta gaji da jin maganar asibiti a bakin mutane, tana so ta ji da kunnenta. Haka muka hau mashin mu uku, ni a tsakiya saboda jiri, Inna a baya ta riƙe ni tana salati duk inda muka shiga rami, tana ce wa ɗanta ba buhun taki ya ɗauko ba.

Wata nas ce ta fara ganin mu, babbar mace mai tabarau. Na lissafa mata abin da nake ji. Da na zo kan abin da ke cewa zuut na yi jinkiri, don ina tsoron ta ce na taɓu. Sai ita ta ƙarasa mini. Ta ce kamar wutar lantarki ko, musamman in kin juya ido? Na kalle ta baki buɗe. Ashe abin sananne ne, har akwai waɗanda suka ji shi kafin ni. Wallahi tun kafin a ba ni komai na ji rabin ciwon ya sauka.

Ta tambaye ni yadda na daina. Na ce rana ɗaya, ranar da na yaye yarinya. Ta cire tabarau ta yi dariya, ba irin ta raini ba.

"Ita yarinyar ina kika kai ta?"

Na ce gidan kakarta.

"To ita ta samu mai lallashi. Jikin naki fa, wace kakar kika kai shi? Ya fi shekara yana samun abu kullum da safe, kika tashi rana ɗaya kika shafa masa garahuni. Ai dole ya yi kuka."

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ni kuma ina ta ɗaure mata ƙirji."

Na tattara ƙarfin halina na yi tambayar da ke cina, ko na zama 'yar ƙwaya ke nan. Ta ce in gaya mata, tun da na daina, na taɓa jin kwaɗayin maganin, ko na taɓa sha'awar in ƙara a kan wanda aka ce in sha? Na ce ko kusa, na ma manta da shi a kwalla. Ta ce to wannan ba maye ba ne, sabo ne jiki ya yi, kuma sabo a hankali ake raba shi. Da muka shiga wajen likita shi ma hakan ya faɗa. Ya ce in koma sha yadda nake sha har jikina ya daidaita, sannan shi da kansa zai riƙa rage mini kaɗan-kaɗan. Ya ce in an rage zan iya jin ɗan jiri ko tashin zuciya na wasu kwanaki, kada in tsorata, amma in abin ya yi yawa, ko tsohon tsoron ya dawo, ko na ji raina yana raya mini mugun abu, in zo ba sai ranar da aka sa ba.

A bakin ƙofar asibitin Inna ta karɓe ledar maganin ta cusa a lalitarta. Ta ce daga yau ita ce kakar.

Kwana kaɗan da komawa sha, ƙasa ta daina juyawa. Na ci tuwo da miyar kuka har na suɗe kwano. Faccalata ta ce to wannan cikin ya gudu ke nan tun bai ga dangi ba. Amma lafiyar da ta dawo sai ta ƙara fito mini da shirun ɗakin. Ina dai zama da majanyin nan a cinyata in ina ɓarar gyaɗa, wai don kada ɓawo ya ɓata mini zane.

Wata Juma'a na ga Inna ta saka mayafinta na unguwa, ta ƙulle daddawa da kuɓewa busasshiya a ƙwarya. Ta ce za ta je gaida Iya. Da la'asar sai ga ta ta shigo da yarinyar a bayanta, tana barci, kumatunta ya ƙara cika. Ina tsaye da muciya a hannu. Ban je ba, don akwai mutane a tsakar gida. Na ci gaba da tuƙa tuwo, hawaye na zuba, na ce hayaƙi ne.

Daga baya Inna ta ba ni labarin yadda suka yi. Ba ta ambace ni ba ko sau ɗaya. Ta ce wa Iya ita ma kaka ce, ba a kanta aka fara haihuwar ɗa namiji ba da za a cinye mata rabo, ta zo ɗaukar ƙawarta, wato jikar. Suka yi ta ja cikin raha. Iya ta ce ita ba rowa take yi ba, rijiya take tsoro. Inna ta yi mata bayanin maganin yadda ta ji, ta kuma ɗauki alkawari cewa ita za ta riƙa goyon yarinyar har uwar ta tsaya da ƙafarta. Iya ta ce to aro ta bayar. In an gama girbi za ta zo ta gani da idonta, in har yanzu ana faɗuwa za ta tafi da abarta. Shi ya sa ta riƙe ɗan kwanon da yarinyar ke cin abinci da shi da takalmanta na roba, ta ce suna nan suna jiran ta.

Ban ji haushin Iya ba. Da ni ce a matsayinta abin da zan yi ke nan.

Daga nan aka shiga ragewa, kuma ya ɗauki watanni. Kullum bayan kunu Inna za ta kira ni ɗakinta ta ba ni a tafin hannu. Da likita ya ce a koma rabi, aka nuna mata tsagin da ke tsakiyar ƙwayar, ta sayi sabuwar reza ta ajiye don wannan aikin kaɗai, tana yanka shi a bayan faranti da irin natsuwar da take raba goro. Duk sanda aka rage, jirin yakan leƙo. Amma yanzu na san shi, kamar maƙwabcin da ba ka so amma ka san ba zai kwana ba. Na koyi dabaruna. In zan waiga sai in juya da jikina gaba ɗaya, ba ido kaɗai ba. In na tashi daga tabarma sai in ɗan tsaya riƙe da ƙyaure. Citta a ruwan zafi tana kwantar mini da zuciya. Ba na barin cikina ba komai. A irin waɗannan kwanakin ba na zuwa kusa da rijiya, maigidan ke cika randuna kafin ya tafi gona, faccalata ta karɓi daka ni in karɓi tsince-tsince da ɓarar gyaɗa, tana cewa ita dai ta ga ciwon da ya san aikin da zai zaɓa. Da hantsi nakan fita bayan gida in taka a hankali ta gefen gonar dawa har gindin ɗorawa in dawo, iska tana buga ni. In kukan nan marar dalili ya zo, ina barin sa ya zuba, in ce wa kaina jiki ne ke neman abin da ya saba, ba ni ba ce na lalace.

Sau ɗaya ragin ya yi mini nauyi, abin ya dawo da zuut ɗinsa har na kasa tsayawa salla. Na so in daure in ɓoye, don girbi ya matso kuma ina tuna maganar Iya. Inna ta gane daga yadda nake riƙe bango. Ta ce ba a yin gaggawa da tukunyar da ke kan wuta, in Iya ta zo ta tarar ana sha ai ba a ce sai an daina ba, cewa aka yi kada a faɗi. Muka koma asibiti, likita ya mayar da ni mataki ɗaya baya, muka daɗe a nan kafin a sake ragewa.

Duk tsawon wannan lokacin ban goya 'yata ba. A zaune nake riƙe ta, a cikin ɗaki, in na tabbata ba mai kallo. In za ta yi barcin rana bayan Inna take nema. Wani lokaci abin yakan sosa mini rai, sai in tuna da a ƙauyenmu take da ko wannan ban samu ba.

Iya ta zo bayan an ɗaure dawa an kai rumbu. A lokacin ina kan ɗan guntun da ya rage, ban gama ba tukuna, amma na daɗe ban ji jiri ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, suka gaisa da Inna, suka taɓa zancen amfanin gona. Sai Inna ta ce randa ba ruwa, alhali na san maigidan ya cika ta da safe, ashe ta juye shi a baho. Ta kwance yarinyar daga bayanta ta miƙo mini kamar ba komai, ta ce, "Karɓi ƙawar nan tawa, ta karya mini ƙugu. Ki samo wa baƙuwa ruwa."

Na ɗauko majanyin. Na sunkuya na ɗora ta, ta yi nauyi fiye da yadda bayana ya sani, ƙafafunta har sun kai cinyata. Na ɗaure sama, na ɗaure ƙasa. Na je bakin rijiya na zura guga, ina jin idon Iya a kaina. Gabana yana bugawa, amma irin bugun da kowa ke ji ne. Na jawo shi cike na juye a tulu, na sake zurawa. Yarinyar ta kwantar da kanta a tsakanin kafaɗuna tana wasa da bakin ɗankwalina.

Na kawo wa Iya ruwan a kofi na durƙusa. Ta sha, ta ce ruwan gidan nan ya fi nasu daɗi. Da za ta tafi na raka ta zaure, ta yi mini faɗan in riƙa cin abinci, ta ce in gaida maigidan in ya dawo.

Sai da na koma zan naɗe tabarmar na ga ƙullin da ta bari a gefe. Na kwance. Ɗan kwanon ne da takalman roba. Takalman ma sun yi wa yarinyar kaɗan.